Kafin A Dangwala Yatsa: Darasi A Kan Gwajin Rigakafin Kalazar A Doka

 

Kowa ya sani a unguwanninmu na Gadarif da ƙauyukan da ke kewaye, duk takardar da ta shigo gida, ta kotu ce ko ta mustashfa, mu 'yan madarasa ake miƙa wa, a ce karanta mana ka juya da Hausa. To akwai wata takarda da karanta ta ya fi na sauran nauyi, ita ce takardar muwafaƙa, wadda mutum yake sa wa hannu ko ya dangwala wa yatsa idan ya yarda a gwada sabon magani ko sabuwar rigakafi a jikinsa. An sha kawo irinta wilayarmu, kuma za a sake kawowa, domin cutar da ake nema wa rigakafin a ƙasarmu take zaune.

Cutar ita ce kalazar. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne yake ɗauko ta, wanda ake kira ƙudan rairayi. Ya fi sauro ƙanƙanta nesa, har yakan ratsa gidan sauro mai manyan idanu. Wurin da ya fi so shi ne dajin dushe da aduwa, wato talha da hijlij, da baƙar ƙasar nan tamu da take tsattsagewa da rani, ita dai wannan ƙasa da take ba mu dawa da riɗi. Ya fi cizo da dare a watannin zafi kafin saukar ruwa, lokacin da kowa yake fitar da shimfiɗa waje. Bayan watanni sai zazzaɓi mai naci ya taso, saifa ta kumbura, jini ya ragu, mutum ya rame. In ba a yi magani ba, da wuya a tashi. Ƙauyukan bakin kogin Rahad da na Atbara sun fi kowa saninta, cikinsu har da ƙauyukan Hausawa.

Sai kuma abin da yake biyo bayan warkewa. A Sudan kusan rabin waɗanda aka yi wa maganin kalazar sukan fito da wasu ƙuraje, su fara daga gefen baki, su hau fuska, wani lokaci su sauka ƙirji da hannuwa. Yawancinsu sukan baje da kansu cikin shekara guda. Amma akwai waɗanda nasu yake zama shekara da shekaru, kuma maganinsu mai wahala ne, allura ce ta makonni ko ƙarin ruwa a gadon asibiti. Kuma ƙwayar cutar tana nan a cikin ƙurajen, ƙuda yana iya ɗauka ya kai wa wani. Ku riƙe wannan magana ta cewa ƙurajen sukan baje da kansu, za mu dawo kanta.

Har yau duniya ba ta da rigakafin kalazar ta ɗan Adam da aka amince da ita. Cikin waɗanda suka daɗe suna nema akwai Cibiyar Cututtukan da Suka Zauna a Ƙasa ta Jami'ar Hartum. Tana da wurin bincike a garin Doka, kan hanyar Galabat, mai ɗauke da sunan marigayi Farfesa Ahmad Muhammad al-Hasan. Su da Jami'ar York ta Ingila suka gwada wata rigakafi mai suna ChAd63-KH. An ɗauki wata ƙwayar mura ta biri, aka kassara ta yadda ba za ta iya hayayyafa a jikin mutum ba, aka ɗora mata umarnin ƙera sassa biyu na ƙwayar kalazar, don jiki ya gan su ya koyi faɗa da su. Wani abin mamaki shi ne waɗanda aka yi wa ita a Doka ba masu lafiya ba ne, masu ƙurajen nan ne da suka wuce wata shida ba su baje ba. Ana so a gani ko allura ɗaya za ta farkar da garkuwar jikinsu ta kore ƙurajen, a huta da doguwar jinya.

Ba a Doka aka fara ba, kuma wannan yana da muhimmanci ga masu cewa mu kaɗai ake gwadawa. An fara yi wa mutum 20 masu lafiya a Ingila, don a ga ko tana cutarwa, aka buga sakamakon a 2017. Daga nan aka zo Doka, aka yi wa mutum 24, manya 16 da matasa 8. Ba a ga wata babbar illa ba. Cikin 23 da aka bi har ƙarshe, 7 ƙurajensu sun kusa ɓacewa gaba ɗaya, 5 sun sami sauƙi. Waɗanda nasu bai tafi ba aka ba su maganin AmBisome. An buga wannan a 2021.

Wanda ya ji mutum 7 sun warke zai ce alhamdu lillahi, magani ya samu. To a nan ne maganar da muka ce ku riƙe take aiki. Tunda ƙurajen sukan tafi da kansu, wa ya san ko da ba a yi wa mutanen nan komai ba za su warke? Babu hanyar sani sai an sami wasu masu irin ciwon da ba a yi musu rigakafin ba, a gwama. Don haka aka shirya gwaji na gaba, aka ɗauki mutum fiye da 80 'yan shekara 12 zuwa 50, aka raba su gida biyu da ƙuri'a. Gida ɗaya aka yi musu rigakafin, ɗaya kuma aka yi musu allurar ruwan gishiri da ba ta ɗauke da komai. Majinyaci bai san wacce ya samu ba, likitan da yake duba fuskarsa ma bai sani ba, saboda zuciya tana da son abin da take so, idon likita ma zai iya ganin sauƙi inda babu.

Wani zai ce, yaya za a yi wa mara lafiya ruwan gishiri a bar shi ga ƙuri'a, wannan ba zalunci ba ne? Mu da muka karanta fiƙihu ƙuri'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malamai sun halatta ta inda haƙƙoƙi suka yi kunnen doki, babu abin da zai rinjayar da ɗaya a kan ɗaya, kamar mai mata fiye da ɗaya da zai yi tafiya da guda. Sharaɗin ke nan a nan ma. Ƙuri'ar tana da hujja ne matuƙar likitocin da gaske ba su san wanne ya fi ba. Ran da suka sani, hujjar ta faɗi. Sannan ƙurajen ba sa kisa, jinkirin wata uku ko huɗu ana sa ido a kan mutum ba zai halaka shi ba, kuma maganin da aka sani yana nan yana jiransa. Da kalazar ɗin kanta ce mai kisa, da babu mai hankalin da zai yarda a ba wani ruwan gishiri a zauna ana kallo.

A 2024 sakamako ya fito. Rigakafin ba ta cutar da mutane ba, amma allura ɗaya ba ta warkar da ƙurajen fiye da ruwan gishiri ba. Waɗanda suka warke 'yan kaɗan ne a kowane gida, kuma babu wani bambancin a zo a gani. Ba wannan ne karo na farko ba ma. A shekarar 2000 an buga sakamakon wani babban gwaji a gabashin Sudan, inda mutum 2,306 suka shiga, aka gwada rigakafin da aka haɗa da matattun ƙwayoyin wata cuta 'yar uwar kalazar, aka bi su shekara biyu, ita ma ba ta ba da kariyar da ake fata ba.

To mutanen nan wahalar banza suka sha? A ganinmu a'a. Ba don su ba, da ana iya ɗaukar labarin mutum 7 ɗin nan a yi ta yi wa dubban masu ƙuraje allurar da ba ta aiki, su koma gida suna jiran waraka. Kuma akwai gwajin da muke cin moriyarsa yau. Iyayenmu sun san lokacin da maganin kalazar yake allurar Pentostam ta kwana 30 cur, mai zafi, ga jinya ga gona tana jira. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashen gabashin Afirka, har da asibitin Kassab a nan wilayarmu, su suka nuna cewa in an haɗa ta da paromomycin kwana 17 ya isa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haka a 2010. Kwana 13 da aka rage wa kowane majinyaci, wasu marasa lafiya ne da ba mu san sunayensu ba suka sayo mana shi da jikinsu. Mu dai muna ganin wannan aiki ya yi kama da farillar da in wasu suka ɗauka ta sauka daga kan saura. Hukuncin kam na malamanmu ne.

Amma fa tsoron da iyayenmu suke ji yana da tushe, kada wani ɗan boko ya ce jahilci ne. A 1996 annobar sanƙarau ta faɗa wa Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a cikin yara kimanin 200, rabi aka ba su shi, rabi wani magani. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye da yawa suka ce babu wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan ba rigakafi ba ne, amma tabon da ya bari yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003. Shekara ta zagayo, a 2004 ƙwayar shan-innar ta iso Sudan bayan kimanin shekara uku ba a gan ta ba. Kun ga abin da aka ɓata a Kano har nan ya iske mu.

Abin da ya raba gwaji na ƙwarai da na banza shi ne yarda, kuma yarda a wurinmu babi ne sananne. Ciniki ba ya inganta da tilas, ba ya inganta da garari, wato a sayar maka da abin da ba ka san ko mene ne ba. In haka ne a kan buhun dawa, ina ga jikin mutum? Saboda haka dole a faɗa wa mai shiga cewa abin nan ba a tabbatar yana aiki ba, kuma mai yiwuwa ne ma ruwan gishiri zai samu. A faɗa masa irin illar da aka gani, kamar zazzaɓi ko ciwo a wurin allurar, da cewa akwai wadda ba a sani ba tukuna. Ya san sau nawa za a ɗebi jininsa, nawa za a ɗiba, ina za a kai shi, me za a yi da ragowar. Wannan tambaya ta jini a yi ta da babbar murya, domin rashin yinta ne yake haifar da jita-jitar ana sayar da jinin mutane. Ya san wa zai ɗauki nauyinsa in wani abu ya same shi. Kuma yana da damar tambaya wace hukuma ce ta ba da izini, domin a Sudan ba a fara irin wannan gwaji sai da izinin kwamitin ladubban bincike da Majalisar Magunguna da Guba ta Ƙasa.

Abu biyu ne muka ga sun fi shige wa mutanenmu duhu. Na farko, wanda ya ce ba ya so, maganinsa na asibiti yana nan, ba a rage masa komai. Wanda ya shiga kuma yana iya fita ran da ya ga dama ba tare da ya kawo uzuri ba. Mu Hausawa muna da kunya, in daktan da ya yi maka jinya kyauta ya nemi abu, cewa a'a tana nauyi, balle in shehun ƙauye ya riga ya yi wa baƙin maraba. Izinin shehu na shiga ƙauye ne kawai, bai hau kan jikin kowa ba. Haka nan mace, ta yi shawara da mai gidanta, amma hannunta ne za a sa, kuma a gaya mata tun farko in akwai gwajin ciki, don yawanci ba a ɗaukar mai juna biyu. Kuɗin mota da abinci da akan bayar kuwa ramuwar ɗawainiya ne. In suka yi yawan da zai rufe wa talaka ido ya manta da tambaya, musamman a wannan hali da yaƙi ya jefa mutane tun Afrilun 2023, to yardar ta fara gurɓata.

Na biyu ya shafe mu kai tsaye, tunda gwajin Doka ya ɗauki 'yan shekara 12. Wanda bai kai 18 ba, kamar yawancinmu a ajin nan, sai waliyyinsa ya sa hannu, ko da ya balaga a hukuncin fiƙihu. Amma sa hannun baba bai wadatar ba, shi ma yaron ana neman yardarsa, in ya ƙi ba a yi.

Saura aikin mai karanta takarda. A takardar za ku ga kalmar tajriba ko dirasa. Idan baba ya ce, wai me suka ce, kada mu taƙaita mu ce masa za a yi wa Malam Ƙarami allurar magani. Kalmar magani a kunnensa tana nufin abin da aka san yana warkarwa, ita kuwa takardar ba haka ta ce ba. Mu ce masa, baba, gwaji ne, su ma ba su san ko zai yi ba, kuma ƙuri'a za a jefa. In muka zo wurin da ba mu gane ba, mu tsaya mu tambayi ma'aikacin a gaban baba, mu juya amsar yadda ya faɗe ta. In baba ya ce zai kwana a kai, haƙƙinsa ne. In kuma ya dangwala, mu karɓi kwafin takardar mu duba ko akwai lambar wayar da za a kira da dare in zazzaɓi ya taso.