Aikin gida na kowa ne

Yara, kun san idan an gama girbi, magidanta da samari da yawa na ƙasar Alela, Illela da Malbaza suna tafiya cin rani. Wasu su nufi Sakkwato ko Legas, wasu Abijan, wasu Libiya. Sai su bar gida a hannun iyaye mata. Inna ce za ta ɗebo ruwa, ta yo icce, ta yi daka, ta tuƙa tuwo, ta ba awaki dusa, ga kuma goyo a baya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dole yara su kama mata.

To, wa ke kamawa? A gidaje da yawa ɗiya mace ce kaɗai. Tun da asuba tana bakin rijiya, wanta kuwa yana barci. Ƙarfe 8 an shiga aji, ita tana kan hanya da tulu. In ta iso ta makara, ta gaji, sai gyangyaɗi. Yau darasin lissafi ya wuce ta, gobe na karatu. Ƙarshen shekara ta faɗi jarrabawa, a ce ba ta da ƙwaƙwalwa, alhali aiki ne ya yi mata yawa.

Ranar 5 ga Disamba 2017 gwamnatin Nijar ta kafa doka don a kare ɗiya mata ƴan makaranta, a taimake su su ci gaba da karatu. Amma doka ba za ta shigo gidanku ta ɗebo ruwa ba. Ku ne za ku raba aikin.

Mu yi lissafi. Masana kiwon lafiya sun ce mutum ɗaya yana bukatar aƙalla lita 20 na ruwa a yini. Gida mai mutum 8 yana bukatar lita 160, wato bido 8 mai cin lita 20. Mu ce zuwa rijiya da dawowa rabin awa ne. Idan yarinya ɗaya ke ɗiba, za ta yi sawu 8, awa 4 ke nan. Idan mutum huɗu suka raba, kowa sawu 2 zai yi, cikin awa ɗaya an gama. Idan kuwa yaro ya ɗaura amalanken jaki, sawu ɗaya ya isa.

Kowa da aikin da ya dace da ƙarfinsa. Ɗan shekara 6 ko 7 yana iya share tsakar gida, ya naɗe tabarma, ya watsa wa kaji tsaba, ya wanke kwanon da ya ci abinci. Ɗan shekara 8 zuwa 10 yana iya wanke tufafinsa, ya kai hatsi injin niƙa, ya ba awaki harawa, ya tace ruwan sha da ƙyalle mai tsabta. Kada ku raina tace ruwa. Yana cikin abubuwan da suka kori kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa babu ciwon a Nijar. Wanda ya kai shekara 11 yana iya yin surfe, ya yo icce, ya hura wuta, ya kora jaki rijiya.

Akwai aikin da ba na yara ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Bido cike kilo 20 ne, ya fi ƙarfin wuyan ƙaramin yaro, a ba shi ƙaramin bokiti. Kada yaro ya ja guga shi kaɗai a rijiya mai zurfi. Fesa maganin ƙwari a gonakin albasa na Galmi ko a fadamar Ƙonni aikin manya ne, domin maganin guba ne.

Wani yaro zai ce: "Malam, ai ɗibar ruwa da wanke-wanke aikin mata ne." To, ku dubi kasuwar Birnin Ƙonni. Su wa ke ga-ruwa? Su wa ke sayar da shayi, suna wanke kofuna? Maza ne. Yayanku da ke cin rani a Abijan, wa ke yi masa wanki da dafuwa? Shi da kansa. Wanda ya koya tun yana yaro ba zai sha wuya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada ku jira sai an aike ku. Ku ce: "Inna, kawo tsintsiyar in share." Ku ce: "Baba, ba ni jaki in ɗebo ruwa, don Yaya ta yi bitar karatunta." Watan Oktoba ana komawa makaranta, ga kuma aikin amfanin gona. Ku taimaka da marece, da ranar Asabar da Lahadi. Lokacin aji kuwa, ɗa namiji da ɗiya mace duk su kasance a aji.

Mu riƙe

Kowa ya ci tuwon gida, ya yi aikin gida. Idan an raba aiki, inna ta huta, kowane yaro ya zo makaranta da wuri.

Tambayoyi

1. Don me aiki ke yi wa iyaye mata yawa da rani?
2. Me ke samun yarinyar da ke ɗibar ruwa ita kaɗai?
3. Gida mai mutum 6, lita nawa yake bukata a yini? Bido nawa ke nan?
4. Faɗi aiki biyu da ba a ba ƙananan yara.

Aiki

Rubuta ayyukan gidanku na yini ɗaya. Gaban kowane aiki ka sa wanda ke yin shi. Wa ya fi kowa aiki? Zaɓi guda ɗaya daga cikin nasa, ka yi shi har sati ɗaya, sa'an nan ka faɗa wa aji yadda aka yi.