Yadda Ake Hasashen Guguwar Bazara a Gaɓar Tekun Bengal

Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, mutanen gaɓar Tekun Bengal, tun daga jihar Odisha ta Indiya, a bi ta Bangaladesh har Myanmar, kunnensu na kan rediyo idonsu na kan sama. Zafi ya kai maƙura, shinkafar rani ta nuna tana jiran lauje, damina kuma sai Yuni. A wannan tsakani teku kan haifar da guguwa mai yawan kisa. Ta daren 29 ga Afrilu 1991 ta afka wa yankin Chittagong ta hallaka mutum kusan 138,000. Nargis, wadda ta shiga Myanmar ranar 2 ga Mayu 2008, ta ci rayuka kusan haka. Saboda haka mai hasashen yanayi a wannan yanki da rayuka yake aiki, kuma aikin nasa hawa-hawa ne.

Da zafin ruwa ake farawa. Guguwa ba ta samun abin ci sai saman teku ya kai aƙalla digiri 26 da rabi, kuma ɗumin ya ratsa zuwa zurfin kamar mita 50, don kada iska ta tono ruwan sanyi daga ƙasa ta kashe kanta. A watan Mayu ruwan Bengal kan kai digiri 30, wani lokaci ya zarce. Ana samun wannan labari daga na'urorin da aka ɗaure a tsakiyar teku suna aiko da ma'auni dare da rana, da kuma na'urorin Argo, waɗanda kan nutse har mita 2,000, su taso bayan kwana goma su miƙa abin da suka auna ga tauraron ɗan'adam. Jiragen dakon kaya ma suna bayar da nasu rahoton a kan hanya.

Ruwan ɗumi kaɗai bai isa ba, sai an duba sama. Sau biyu a kowace rana, a lokaci guda a duk duniya, tashoshin yanayi kan saki balan-balan ɗauke da ƙaramar na'ura mai auna zafi da laima da matsin iska da gudunta, har ta haura kilomita 20 ko 30 kafin balan-balan ɗin ya fashe. Abin da masani ke nema a nan shi ne ko iskar sama da ta ƙasa suna tafiya tare. In ta sama ta fi ta ƙasa gudu nesa ba kusa ba, ko ta saɓa mata hanya, sai ta fille wa hadarin kai tun bai miƙe ba. Wannan ne ya sa guguwa ke yin wuya a tsakiyar damina, daga Yuli zuwa Agusta, duk da ruwa na da ɗumi. Lokutanta biyu ne: bazara kafin damina, da kuma Oktoba zuwa Disamba bayan ta janye.

Hukumar Kula da Yanayi ta Indiya, wadda aka kafa a 1875, ita ke riƙe da cibiyar sa ido kan guguwar arewacin Tekun Indiya a birnin New Delhi, kuma daga can ake aika gargaɗi ga ƙasashe 13. Taurarinta na jerin INSAT suna tsaye daidai saman yankin suna aiko da hotunan gajimare ba ƙaƙƙautawa. Amurka kan tura jiragen sama su kutsa cikin guguwa su auna ta. A Bengal ba a yin haka, don haka hoto ne madogara. Masani zai zauna ya ƙura wa siffar gajimaren ido: ya fara murɗawa? Tsakiyarsa ta cunkushe? Ido ya buɗe? Da wannan siffa yake ƙiyasta ƙarfin iskar, bisa hanyar da Ba'amurke Vernon Dvorak ya tsara a shekarun 1970, wadda har gobe ake amfani da ita.

Duk abin da aka tattara daga teku da sama da tasha sai a zuba shi cikin manyan kwamfutoci, su raba sararin samaniya zuwa miliyoyin ƙananan akwatuna, su lissafa yadda iska da zafi da laima za su motsa daga wannan zuwa wancan. Ba a dogara da lissafi ɗaya. Indiya na da nata, ana duba na cibiyar Turai mai hedikwata a Reading ta Ingila, ana duba na Amurka. Kowanne kuma akan maimaita shi sau da dama, ana ɗan sauya ma'aunin farko kowane karo. In layukan da suka fito kan taswira sun haɗu sun nufi wuri guda, mai hasashe zai yi magana da ƙwarin gwiwa. In sun bazu kamar tsintsiyar da aka kwance, wani ya nufi Odisha wani Myanmar, dole ya faɗi haka ƙarara, ya faɗaɗa yankin da za a yi wa gargaɗi. A nan ne gogewar mutum ke shigowa, domin wanda ya shekara ashirin yana kallon wannan teku ya san lissafin da ya saba karkata yamma da wanda ya saba ƙara gishiri.

Guguwar Fani ta 2019 ta nuna yadda matakan ke bin juna. An fara ganinta ranar 26 ga Afrilu, tana ƙaramin rauni na matsin iska can kudu kusa da ikwaita. Da iskarta ta kai kilomita 62 a sa'a sai ta cancanci suna, kuma Bangaladesh ce ta bayar da sunan tun da daɗewa a jerin da ƙasashen yankin suka haɗa. Ta yi mako guda tana yawo a kan ruwa, ta nufi arewa maso yamma kamar za ta Tamil Nadu, sannan ta karya kwana. Masu hasashe sun hango wannan kwana tun da sauran kwanaki, suka ce gaɓar Odisha kusa da birnin Puri za ta faɗa. Can kuwa ta faɗa, da safiyar 3 ga Mayu, da iska mai gudun kilomita 175 zuwa 185 a sa'a.

Gargaɗin Indiya mataki huɗu ne. Na farko kan fita sa'o'i 72 kafin mummunan yanayi ya iso, ana sanar da manyan jami'an gwamnati su shirya. Na biyu saura sa'o'i 48, na uku saura 24, wanda ke ambaton wurin da guguwar za ta shiga da lokacin. Na huɗu, saura sa'o'i 12, na mutanen cikin ƙasa ne da ruwa da iska za su tarar bayan ta haye tudu. Idan ta matso, rada da ke garuruwan gaɓa irin su Paradip da Visakhapatnam da Kalkata kan kama ta daga nisan ɗaruruwan kilomita, daga nan sanarwa ta koma sa'a-sa'a.

Akwai lissafin da ya fi na iska muhimmanci, wato tudun ruwan da guguwa ke turowa gaba. Arewacin Tekun Bengal ba shi da zurfi, kuma yana tsukewa yayin da ya doshi Bangaladesh, ga ƙasar shimfiɗe take, wurare da yawa ba su fi 'yan mitoci sama da teku ba. A 1991 ruwan ya taso kimanin mita 6, kuma shi ya kashe mafi yawan mutanen, ba rufin da ya faɗo ba. Shi ya sa ake ɗora lokacin isowar guguwa a kan jadawalin cikar teku da janyewarsa. Guguwar da ta iso da cikar teku a tsayuwar wata ko daren sha huɗu, lokacin da ruwa ya fi hawa, daban take da wadda ta iso ruwa ya janye, ko da ƙarfinsu ɗaya. Cibiyar nazarin teku da ke Hyderabad kan fitar da taswirar inda ruwan zai kai, gunduma-gunduma.

Bazara na da wata fitinar da ba ta jiran kwana uku. Iska mai laima daga teku kan gamu da busasshiyar iska mai zafi daga tsaunukan Chota Nagpur, sai hadari ya haɗu da la'asar ya taho daga arewa maso yamma da tsawa da ƙanƙara. Mutanen Bengal na kiransa Kalbaishakhi. Wannan sai dai a bi shi da rada a ba da gargaɗin sa'o'i uku. Manoma masu girbi a fili su ne tsawa ta fi kashewa, har Bangaladesh ta sanya ta cikin jerin bala'o'in ƙasa a 2016.

Mataki na ƙarshe ba a ofis ake yinsa ba, kuma shi ne mai raba rai da mutuwa. Bayan guguwar Bhola ta Nuwamba 1970, wadda ta kashe aƙalla mutum 300,000, Bangaladesh da ƙungiyar agaji ta Red Crescent suka kafa shirin 'yan sa-kai, waɗanda yau sun haura 70,000, maza da mata. Tashoshin jiragen ruwa na da lambobin gargaɗi. In aka ce lamba 3, masunta su matso kusa da gaɓa. Lamba 4, su nemi mafaka. Daga 8 zuwa 10 babban haɗari ne. A nan 'yan sa-kai ke ɗaga tuta uku, su bi ƙauyuka a ƙafa da keke da lasifika, su ƙwanƙwasa ƙofa, su ɗauki tsofaffi da masu ciki zuwa gine-ginen kankare masu dogayen ƙafafu, waɗanda a sauran ranaku makarantu ne. Mutum ba ya son barin saniyarsa, don haka wasu mafakar an yi musu tudun dabbobi a gefe.

Indiya ta sanar da hukumomin Myanmar zuwan Nargis tun da sauran kwana biyu, amma labarin bai kai ga mutanen bakin kogin Irrawaddy yadda za su tashi ba, kuma babu mafakar da za su shiga. A Odisha, inda guguwar Oktoba 1999 ta kashe kusan mutum 10,000, an kwashe fiye da mutum miliyan ɗaya kafin Fani ta iso. Waɗanda suka rasu a jihar su 64 ne.