Darasi: Yaro a Lokacin Rarrafe

Iyaye mata, yawancin jarirai sukan fara zama wajen wata 6, rarrafe wajen wata 8. Lokacin nan nono kaɗai ba ya isar yaro, kuma duk abin da ya tsinta sai baki. In zawo ya zo mukan ce haƙori ne, mu zauna. Ta nan tamowa ke shiga. A wata 6 na farkon 2025, yara 652 suka rasu a cibiyoyin ƙungiyar likitoci ta MSF a jihar Katsina.

Saboda haka:
1. Daga wata 6, mu ƙara da kunu mai kauri, da gyaɗa, ƙwai ko zogale.
2. Kada mu yaye shi kafin shekara 2.
3. Mu wanke hannuwansa da sabulu.
4. Da ganin zawo, ruwan gishiri da sukari, sannan asibiti.