Likitan da ya samo maganin dafin maciji

Da damina, lokacin noma, macizai suna yawa cikin gonaki. Kun san kasa, kun san gamsheƙa da kububuwa. Kububuwa ƙarama ce, amma in ta sari mutum jininsa ba ya daskarewa, sai ya yi ta zuba ta hanci da dasashi. A asibiti akwai allurar da ke kashe dafin. Daga ina allurar nan ta fito?

Albert Calmette likita ne, mutumin Faransa. An haife shi a 1863. A 1891 Louis Pasteur ya aike shi Saigon, cikin ƙasar Biyetnam, ya buɗe gidan bincike. Cikin shekarar nan ruwa ya ci wani ƙauye, macizai suka gudo cikin ɗakuna, suka sari mutane da yawa. Aka kama gamsheƙa da dama da ransu, aka kai ma Calmette. Sai ya shiga tatsar dafinsu yana bincike.

Da ya koma Paris, sai ya ɗauki zomo ya yi masa allurar dafi ɗan kaɗan, wanda bai isa kisa ba. Bayan ƴan kwanaki ya ƙara, bayan wasu kwanaki ya kuma ƙarawa. A kwana a tashi, zomon nan ya jure dafin da zai kashe ɗan'uwansa nan take. Me ya faru? Jiki yana da dakaru cikin jini. In abokin gaba ya shigo da kaɗan kaɗan, suna gane shi, su ƙera makamin da ya dace da shi. Makamin yana cikin ruwan jini, wato ruwan nan mai launin ɗorawa da ke tasowa in jini ya daskare. Calmette ya ɗebi ruwan, ya yi ma wani zomo da aka sa ma dafi allura. Zomon bai mutu ba. A 1894 ke nan.

Jinin zomo kaɗan ne. Saboda haka, daga 1895, a birnin Lil, ya koma ga dawaki. Har yanzu da jinin doki ake yin yawancin maganin nan.

Amma fa Calmette ya yi kuskure guda. Ya zaci maganinsa na gamsheƙa zai warkar da saran kowane maciji. Wani likitan Barazil, Vital Brazil, ya gwada shi da dafin macizan ƙasarsu, bai yi aiki ba. Kowane dafi da makaminsa. Shi ya sa yanzu ake sa ma doki dafin macizai iri-iri na yanki guda.

Shi ne kuma, tare da Camille Guérin, ya samo rigakafin tarin fuka a 1921, bayan aikin shekara 13. Ku dubi hannunku: ɗan tabon BCG aikinsu ne.

In maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A ɗauke shi, a kai shi asibiti maza-maza.

Tambayoyi
1. Don mi zomon farko bai mutu ba?
2. Wane kuskure Calmette ya yi?
3. Ku tambayi iyayenku sunayen macizan garinku, ku rubuta su.