Ramukan da Muka Gada

Duk wanda ya bi hanyar Jos zuwa Bukuru da Barikin Ladi ya sha ganin manyan tafkuna da tulin jar ƙasa a gefensu. Yawancinmu mun tashi mun tarar da su, har muna tsammani haka aka halicci wurin. Ba haka ba ne, aikin hannun mutum ne. A wannan darasi za mu ga yadda haƙar ma'adinai take lalatar da ƙasa.

Kamfanonin Ingila sun soma haƙar kuza a Filato a farkon ƙarni na 20. A 1942 Japan ta kama Malaya, inda Ingila take samun kuza mai yawa, sai aka tilasta wa dubban mutanenmu aikin haƙa. Da farashin kuza ya faɗi a 1985, aiki ya durƙushe, aka bar mana ramuka.

Ɓarnar iri uku ce. Ta farko, kafin a kai ga kuza sai an kwashe ƙasar sama, ita ce kuwa mai ciyar da shuka. Gonar acca takan zama fako. Ta biyu, ruwan da ake wanke kuza da shi yakan kwashi laka da yashi ya cike rafuffuka. Ta uku, ramukan sukan cika da ruwa mai zurfi, suna cin yara da dabbobi.

Kada mu ce tsohon labari ne. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, masu neman zinariya sun riƙa niƙa duwatsu a cikin gidaje. Duwatsun suna ɗauke da dalma. Ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara suke rarrafe, yara fiye da 400 suka mutu. Sai da aka kankare ƙasar ƙauyukan, aka zuba sabuwa.

Akan ce abin da mutum ya shuka shi zai girba. Amma a sha'anin ƙasa, sau da yawa uba ne yake shuka, ɗa ya girba. Saboda haka, ɗalibai, kada mu yi iyo a tafkin kuza, mu kuma hana ƙannenmu. Mu kula da itatuwan da muka dasa a makaranta. In mun girma aka ba mu iko, kada mu yarda kowa ya haƙa rami sai ya ɗauki alkawarin cike shi. Ƙasa amana ce a hannunmu.