Rancen Ƙananan Bankuna: Ku Duba Lokacin Biya Kafin Ku Sa Hannu

Tambaya: Malam, mu ƙungiyar mata ce, muna noman gyaɗa da kiwon awaki. Ƙaramin bankin da ke ba mu rance ya rufe, ga wani ya zo yana zawarcinmu. Mu shiga ko mu haƙura?

Amsa: Hajiya, ba naku kaɗai ne ya rufe ba. A watan Satumba na 2010 Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin ƙananan bankuna 224, shekara biyar kacal bayan ya fito da tsarinsu a 2005. Ƙarancin jari da bashin da ya ƙi dawowa su ne suka kashe da yawa daga cikinsu.

A karkara kuwa akwai wata matsalar ta daban. Ma'aikacin banki zai hau babur ya yi tafiya mai nisa don ya karɓo 'yan kuɗi kaɗan daga hannun mutum goma, kuɗin mai ya cinye ribar. Domin ya tsira, sai bankin ya ɗora kuɗin ruwa mai nauyi, ya kuma ce a biya duk mako. Wannan biyan mako-mako, da bankin Grameen na Muhammad Yunus ya yaɗa daga Bangladesh, ya dace da mai tuyar ƙosai, wadda ciniki ke shigo mata kullum safiya. Mai noman gyaɗa fa? Ta karɓi kuɗi farkon damina, ta sayi iri da taki, ba za ta ga ko sisi ba sai kaka. Idan ranar biya ta zo, ko dai ta kai akuya kasuwa, ko ta ciwo wani bashin ta toshe wannan. Haka aka yi a jihar Andhra Pradesh ta Indiya, inda matsa wa talakawa kan biya ya kai gwamnatin jihar ga kafa doka a 2010, biyan bashi ya durƙushe, kamfanonin ba da rancen suka shiga uku. Ga kuma fari ko ambaliya, waɗanda idan suka zo, duk masu bashin gari guda suke kayarwa lokaci ɗaya.

Saboda haka tambayarku ta farko ga sabon bankin ita ce: yaushe za mu biya? In bai yarda ya jira amfanin gona ya zo gida ba, kada ku karɓi rancensa don noma, ko da ya yi muku daɗin baki. Ku sa ya faɗa muku jimillar nairar da za ku mayar, har da kuɗin fom da duk wani cire-cire, a rubuce. Ku tabbatar yana da lasisin Babban Banki, kuma hukumar NDIC ta yi wa ajiyarsa inshora; tun 2024 tana biyan mai ajiya har naira miliyan 2 idan ƙaramin banki ya rushe. Masu gudun kuɗin ruwa su nemi murabaha, inda banki zai sayi takin ya sayar muku bashi a kan farashin da aka yanke.

Abin da na fi so ku yi shi ne ku fara da kuɗinku. A 1991 ƙungiyar CARE ta taimaka wa matan Maraɗi suka kafa Mata Masu Dubara: kowace mace ta zuba abin da ta iya duk mako a akwati, su ranta wa junansu, ƙarshen zango su raba har da riba. Adashi ne aka gyara masa zama, kuma daga Nijar ya bazu ƙasashe da dama. Ku yi shekara guda a kan wannan, kuna rubuta shige da fice a littafi. Da littafin nan za ku je wa banki, ku nemi a tsara muku biya bayan an cire gyaɗa.