Nonon Uwa: Abincin Jariri, Ceton Bakwaini

Littafin Fitowa, sura ta 2, ya nuna mana yadda aka nemo mai shayarwa domin jariri Musa ya rayu. Shayarwa aikin ceton rai ne, tana kuwa da ƙa'idodinta.

Da fari, a sa jariri a nono cikin sa'a guda bayan haihuwa. Kada a zubar da dakashi, gama shi ne rigakafinsa na farko. Uwa ta rungume shi, cikinsa manne da nata. Ya buɗe baki sosai, ya kama har baƙin da ke kewaye da kan nono, haɓarsa tana taɓa nonon. In kan kaɗai ya kama, uwa za ta sha zafi, shi kuma ba zai ƙoshi ba. Nono zalla ya ishe shi har wata 6, ko ruwa ba ya bukata.

Bakwaini kuwa sau da yawa ba shi da ƙarfin tsotso, hanjinsa kuma bai yi ƙwari ba. Sai uwa ta tatsa a ƙoƙo mai tsabta, a ba shi kaɗan-kaɗan. In nata bai kawo ba, nonon wata uwa ya fi masa madarar gwangwani. Saboda haka asibitin Katolika na Nsambya a Yuganda ya buɗe rumbun nono a 2021. Akan gwada jinin mai bayarwa saboda ƙanjamau da ciwon hanta, a ɗumama nonon minti 30 domin kashe ƙwayoyin cuta. Kada a yi wannan kyauta a gida ba da sanin likita ba.

Uwar da Allah ya yalwata wa nono, ta tuna da ɗan maƙwabciyarta. Maryamu, wadda ta shayar da Mai Cetonmu, ta yi mana roƙo. Amin.